Yatsa Ɗaya Da Kaji Dubu Huɗu

Asabar, 28 ga Janairu 2006, biyar na yamma

Yau na shiga intanet. Ni Martin, mai abincin kaji a kasuwar Sabon Gari, wanda aka kora daga fom tu saboda kwaikwayon tafiyar firinsifal a gaban firinsifal. A rubuta a ajiye.

Janaretan ofishin su Sukola ne ya lalace, sai ta zo kafen intanet na Ejiofor a Muchia ta yi aikinta. Sukola ita ce Scholastica, 'yata ta fari. Uwarta ta zaɓi sunan, ni na rage masa tsawo don in gama kiranta kafin tuwo ya huce. Aikinta a Samaru shi ne ta zauna gaban kwamfuta tana bin abin da manoma da likitocin dabbobi ke rubutawa, ko za a ji wani ya ce zai zuba guba a dam ko ya watsa cuta a gona. Turawa ke ɗaukar nauyin aikin. Tun da aka rushe musu benaye suke ganin ɗan ta'adda har a cikin buhun masara. Na ce mata, wato gulma ake biyan ki albashi a kai? Da na sani da uwarki na kai musu.

Na je kai mata saƙon uwarta Sarah, sai ta ce in tsare mata kujera ta je ta sayo katin waya. Ina zama sai ga sunan Othniel a fuskar kwamfutar. Othniel ɗan kawuna, taubashina, manajan wata gonar kaji a hanyar Shika. Shekara arba'in muna gardamar wane ne bawan wani. Shi ne ya aiko mini kazar Kirsimeti wadda ko kyanwa ta gani sai ta yi mata addu'a. Ga shi nan ya zuba dogon Turanci a kan tsadar masara. Na ce yau Allah ya kama mini kai. Da yatsa ɗaya na ba shi amsa, minti ashirin ina neman harufa, sannan na danna inda na ga Sukola na dannawa. Ya tafi.

Ban gaya mata ba. Ina jiran ranar da zai zo shago yana kumfar baki.

Laraba, 1 ga Fabrairu, tsakar rana

Othniel bai zo ba. Matsoraci.

Alhamis, 9 ga Fabrairu, huɗu na yamma

Rediyo ya ce murar tsuntsaye ta shigo ƙasa, kuma ta gefenmu ta shigo. Mura! Ni da na yi mura sau ɗari, ko sau ɗaya rediyo bai faɗa ba. Yau buhu biyu kacal na sayar. Mai tsiren bakin tasha ya cire kaza daga kan wuta, ya ce ko kyauta ba a karɓa.

An ce gonar su Othniel ma kaji sun fara zubewa tun ranar Lahadi. Na kira shi sau uku, bai ɗauka ba.

Litinin, 13 ga Fabrairu, uku na rana

Sukola ta dawo da sha biyu, da ambulan a hannu. An dakatar da ita.

Ta same ni a tsakar gida ina cin rogo. Ta ce, "Baba, ran Asabar ɗin nan a kafe, ka taɓa wani abu?" Na ce na taɓa kujera, na taɓa aljihuna. Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini takarda. Ga maganata nan an buga ta da inji, ƙasanta an fassara ta da Turanci, har da jan layi:

"Othniel ka shirya. Na riga na sa hannu a abincinsu. Kajinka dubu huɗu sai sun mutu ɗaya bayan ɗaya ka koma tallan gyaɗa a tasha."

Ashe ba wurin Othniel kaɗai ya je ba. Zaure ne na masu kaji, mutum ɗari huɗu da wani abu, har da likitoci da Turawan da ke biyan su Sukola. Kuma da sunanta ya fita, tunda akwatin saƙonta ne a buɗe. Abin da ya fi ba ni mamaki, ta ce ita da hannunta ta rubuta wa injinsu jerin maganganun Hausa da zai riƙa kamawa. Tarkon da ta ɗana, tsuntsun farko da ya kama ubanta ne. Na faɗi haka da ƙarfi. Ni kaɗai na yi dariya.

Na ce ai wasa ne, duk Zariya an san wasan taubasai. Ta ce, "Daga bakinka wasa ne, Baba. Daga bakina fa? Ni ina wasa da Baba Othniel ne?"

Na ce me kika gaya musu? Ta ce, "Na ce akwatina ne." Ta shige ɗaki.

Ban yi laifi ba. Ko kwamfuta ta san ban yi laifi ba.

Talata, 14 ga Fabrairu, safe

Ban yi laifi ba.

Laraba, 15 ga Fabrairu, biyar da rabi na yamma

Wasu mutum biyu marasa suna sun je kafe sun ɗauke kwamfuta ta huɗu. Ejiofor ya zo shago ya tsaya a kaina, hannu a ƙugu. Hausarsa ta fi ta wasu Hausawa, amma in ransa ya ɓaci sai ta gauraya. Ya ce, "Oga Martin, na you sit for that chair. Ni na gan ka da idona, kana buga ta kamar mai kashe kwarkwata." Na ce to ka gaya musu mana. Ya ce, "Ba su tambaye ni kai ba. Ni ba na sayar da abin da ba a taya ba." Ya ɗauki goron da ke kan tebur ya tafi da shi.

Su waɗannan mutane ba su da aiki ne? Ƙasa cike da 'yan fashi, sai mai dusa za a bi? In da hankali, wanda zai kashe kaji zai fara aika wa mutum ɗari huɗu takardar gayyata?

Ba zan je ko'ina ba. Gaskiya za ta fito da ƙafarta.

Juma'a, 17 ga Fabrairu, bayan cin abincin rana

Sarah ta ajiye mini tuwo. Na ce, Maman Sukola, yau miyar ce ta yi mura ko gishirin ne aka dakatar? Shekara ashirin da bakwai matar nan tana dariyar maganata, har wadda ba ta da daɗi. Yau ta dube ni ta ce, "An kira yarinyar nan sau uku a mako ɗaya. Jiya awa biyar ta yi a kujera." Na ce ai ta saba da kujera.

Wannan ban san me ya sa na faɗa ba.

Lahadi, 19 ga Fabrairu, bayan sujada

Rabaran ya yi wa'azi a kan Yunusa, yadda jirgi ke neman nutsewa da bayin Allah, shi kuma mai laifin yana can ƙasa yana sharar barci. Sarah ba ta dube ni ba, amma kunnenta ya dube ni. Na ce a raina, Rabaran, Littafi Mai Tsarki babba ne, ba ka ga wani wuri ba sai nan?

Mata sun daina zama kusa da Sukola. Ita ce ke ɗaga waƙa a ƙungiyar mawaƙa, yau ta zauna can baya. A bakin ƙofa na ji wata na cewa, "Ita ce ta kajin nan." Na juya na ce, Mama, kajin sun aiko ki ne? Ta ja mayafinta ta wuce. Wannan kam na ji daɗinsa.

Ba tsoro nake ji ba. Cikina ne ya ɓaci, kwana shida ke nan.

Talata, 21 ga Fabrairu, shida na yamma

Na hau acaɓa na je gonar. An ɗaure igiya tun daga bakin hanya. Mutane cikin fararen kaya har kai, kamar dodanni, suna kwasar kaji a buhu suna zubawa a rami. Masu rai ma ba a bari ba. Warin fetur da gashi ya cika wurin. Abin da ban taɓa ji ba a gonar nan shi ne shiru, yau na ji.

Othniel ya hango ni ya tako har bakin igiya. Ya rame. Na buɗe baki zan ce, bawana, ina kazata ta baɗi? Sai ya riga ni.

Ya ce, "Ina wuni, Malam Martin. Yaya iyali?"

Tun muna yawo ba wando mutumin nan bai taɓa gaishe ni ba. Ranar aurena ce mini ya yi Sarah makauniya ce. Ranar da aka binne uwata, shi ya sa ni dariya a bakin kabari har kawu ya kore mu. Yau ni ne Malam Martin.

Na ce lafiya lau. Ya ce, "Sun tambaye ni ko akwai wasa tsakanina da yarinyar. Na ce 'yata ce, ba ma wasa. Ban yi ƙarya ba. Ban kuma kira sunan kowa ba. Mai suna ya san sunansa." Na ce ai kai ma ka san cuta ce ta kashe su. Ya ce, "Na sani. Ita ma ta sani. Sauka lafiya." Ya juya.

Da ya mare ni da ya fi.

Laraba, 22 ga Fabrairu, safe

Ni ke sayar wa gonar abinci. Wanda ya rubuta ya sa hannu a abincinsu, kuma shi ne mai abincin, wane alƙali zai tsaya jin tarihin kawu da gwaggo? Ga yara biyu a sakandare. Sukola kuwa yarinya ce mai takardu, Turawa sun san ta, ba za su iya yi mata komai ba.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Rubutun kamar ba nawa ba.

Laraba, biyar na yamma

An aiko. Gobe ƙarfe goma Sukola za ta je ofis, daga can a wuce da ita Kaduna. An ce ta zo da kayan sawa.

Na leƙa ta taga tana shirya jaka. Zane biyu, buroshi, littafin waƙoƙi. Ta ɗauko fasfo ɗinta, wanda ta yi saboda kwas ɗin Nairobi da aka zaɓe ta a watan gobe, ta juya shi, ta mayar ƙarƙashin katifa. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da na sami abin faɗa.

Na shiga na ce, ki ajiye jakar nan, ta yi miki girma. Ta ce, "Baba, ba lokacin wasa ba ne." Na ce ni za ta yi wa daidai. Na zazzage kayanta a gado, na je na zuba nawa. Sarah na tsaye a ƙofa. Ta juya ta kawo mini sabulu da maganin ciki.

In suna son ɗan ta'adda, gobe za su ga ɗan ta'adda mai tumbi.

Lahadi, 26 ga Fabrairu, huɗu na yamma

Kwana uku ban rubuta ba. Ba a ba mutum biro a can.

Bari in fara da Alhamis. Mutum uku na tarar a ofis: Oga Bamidele shugaban su Sukola, wani tsohon likitan dabbobi Bazazzage mai farin gemu, da ɗaya daga cikin marasa suna. Na ce ni na rubuta. Marar suna ya ce, "Baba, mun saba ganin uba ya zo ɗaukar laifin ɗansa. Kai ka iya kwamfuta?" Na ce ɗana, a kawo ta. Aka zaunar da ni, aka ce in sake rubutawa. Na naɗe hannun riga na fito da yatsan. Minti ashirin da biyu. Oga Bamidele ya gwada da ta farko, duk inda na manta tazara a can na manta a nan. Ya cire gilashi ya ce, "Yesu." Ban taɓa cin jarrabawa ba a rayuwata sai wannan, ita ce kuma ta kai ni Kaduna.

Likitan ya tambaye ni, "Shi manajan mene ne naka?" Na ce ɗan kawuna ne. Ya jingina da kujera ya ce, "Af! Taubasai ne? To me ya hana ka faɗa tun ranar farko?" Na ce ranka ya daɗe, cikina ne ya ɓaci. Ya ce, "Kwana goma?" Ya dubi Sukola, ya dube ni.

Marar suna ya ce shi babu taubashi a cikin fom ɗinsa. Na ce to a ƙara layi. Aka sa ni a mota.

Na can ba zan rubuta ba. Ɗaki ne, da benci, da bokiti. Tambaya ɗaya sau hamsin: wa ya aiko ka, wace ƙungiya kake. Na ce ƙungiyar maza ta majami'a, kuma ko ita ba na zuwa taro. Wanda ke rubutawa ya rubuta. Ban roƙe su ba, wannan a sani. Gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba sai da na nemi takalmina.

Jiya Asabar da hantsi aka fito da ni wani ofis. Sakamakon gwaji ya zo, cuta ce, abincina kuwa ba komai a cikinsa sai tsada. Amma babbansu ya ce barazana barazana ce, sai wanda aka yi wa ya yi magana. Sai ga Othniel ya shigo, da likitan nan a bayansa. Ya dube ni tun daga kai har ƙafa. Na ce in ya gaishe ni na mutu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan abin kuka kama? Wannan bawana ne, ubana ya karɓe shi a madadin akuya, har yau muna da-na-sani. Shi zai kashe kaji dubu huɗu? Kaza ɗaya in za a yanka a gidansa, bayan gida yake shiga sai matarsa ta gama."

Na ce ƙarya kake, ɗan mai tallan gyaɗa, ubanka ko akuyar bai taɓa mallaka ba.

Babban ya buga tebur ya ce, "Kuna zagin juna a ofishina?" Othniel ya ce, "Haƙƙina ne, ranka ya daɗe, gado na ci." Ya zaro wata tsohuwar wasiƙa daga aljihu, wadda na aika masa yana makaranta a Mando a shekarar tamanin da biyu, inda na yi alkawarin sayar da shi a kasuwar Giwa in sayi rediyo. Likitan ya karanta musu da ƙarfi, ya ce shi ma nasa taubashin ya sha alwashin binne shi da rai tun zamanin soja, ga shi nan yana yawo. Wani ɗan sanda a bakin ƙofa ya ƙunshe dariya har ya yi tari.

Na sa hannu a takarda cewa ba zan ƙara taɓa kwamfuta ba. Na ce ko kun ba ni kyauta.

A mota Othniel na ta kallon taga har Jaji. Aikinsa ya tafi tare da kajin. Can ya ce, "Ka yi wari." Na ce na gode. Da gaske nake.

Laraba, 1 ga Maris, tsakar rana

An mayar da Sukola aiki, da takardar gargaɗi saboda barin akwati a buɗe. Kwas ɗin Nairobi an ba wani. An rufe sunaye tun ranar ashirin ga Fabrairu, tana dakace.

Ranar ashirin. Ni ina shago ranar ina ba mutane labarin mura.

Ejiofor ya karɓo kwamfutarsa, ya manna takarda a ƙofa cewa ba a tsare wa kowa kujera.

Asabar, 4 ga Maris, shida na yamma

Sarah ta yi dariya yau, kaɗan, ta hanci. Othniel ya zo shago ya zage ni na rabin awa ya tafi da buhun dusa wai zai fara kiwon akuya. Kowa ya dawo.

Saura ɗaya. Tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa, tana cewa Baba. Fasfo na nan ƙarƙashin katifa.

Ɗazu na same ta tana wanki a bakin rijiya. Na tsuguna na ce, Sukola, ai Nairobi sanyi gare ta, na cece ki daga mura. Ta ci gaba da cuɗa zane. Na ce to, ki yafe wa tsohon ɗan ta'adda, ya tuba, ya miƙa makaminsa. Na ɗaga mata yatsan.

Ta tsame hannu daga kumfa ta dube ni. Ta ce, "Baba, kwana goma na jira ka. Kullum in na ji buɗe ƙofar ofis sai in ce kai ne. Ba na son ta da dariya. Ranar da za ka iya faɗinta ba dariya, ina nan."

Na tashi na zo na zauna. Marasa suna sun tsare ni kwana biyu ba su ga hawayena ba, kuma ba za su gani ba. Kalma uku ce, ki yafe mini, na gwada su a gaban madubin Sarah sau shida, kowane karo bakina sai ya karkace da kansa.

Gobe bayan sujada. In ya karkace, jibi.